TAICI DA MATSALAR FAƊUWAR TSOFAFFI



Idan ana lissafin abubuwan da ke ƙarasa tsofaffi, akan ambaci hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Da wuya a ji wani ya ambaci faɗuwa, domin ba a ɗauke ta ciwo ba. Tsautsayi ake ce mata, shi kuwa tsautsayi an ce ba ya wuce ranarsa. To, amma alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 sun nuna cewa kimanin mutum 684,000 ke rasa ransu kowace shekara ta sanadin faɗuwa, kuma in an ɗebe haɗarin mota babu wani haɗari da ya kai ta kisa. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗannan mace-mace a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali suke aukuwa, mafi yawan mamatan kuwa waɗanda suka haura shekara 60 ne. Tun a 2007 hukumar ta ƙiyasta cewa daga cikin kowane mutum uku da suka kai shekara 65, kusan ɗaya yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara.

Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wata hanyar motsa jiki ta mutanen ƙasar Sin, wadda ake kira taici, da kuma da'awar da ake yi mata cewa tana rage wa tsofaffi faɗuwa. Kafin a kai ga wannan, ya kamata a fahimci yadda mutum yake tsayuwa tukuna.

Tsayuwa a kan ƙafa biyu aiki ne, ko da yake mai yinsa bai san yana yi ba. Jikin ɗan Adam dogo ne, nauyinsa yana sama, gindinsa kuwa tafin ƙafa ne guda biyu kacal. Saboda haka ko mutumin da ake gani ya tsaya cik, a gaskiya yana ɗan rangaji gaba da baya, tsokokin ƙwaurinsa da na idon sawunsa suna ta gyara shi ba hutawa. Ƙwaƙwalwa tana samun labarin inda jiki ya karkata ta hanyoyi uku. Ta farko ido ne, wanda ke auna mutum da bango da ƙasa da abin da ke gabansa. Ta biyu tana can cikin kunne, inda akwai wasu 'yan bututu guda uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa duk lokacin da kai ya juya ko ya sunkuya. Ta uku ita ce jijiyoyin da ke tafin ƙafa da tsoka da mahaɗar gaɓoɓi, waɗanda ta dalilinsu ne mutum yake sanin inda ƙafarsa take ko da cikin duhu. Ƙwaƙwalwa ta haɗa waɗannan labarai uku, ta aika wa tsoka umurni, duk kafin ƙiftawar ido.

Tsufa yana taɓa kowanne daga cikinsu. Ido ya yi yana, kunne ya rage kaifi, tafin ƙafa ya dakushe, musamman ga mai ciwon sukari. Tsoka kuma tun daga wajen shekara 30 take fara raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan shekara 60 kuwa raguwar ta ƙara sauri. Saurayi da tsoho duk suna yin tuntuɓe. Bambancinsu shi ne saurayi yana jefa ɗaya ƙafar gaba nan take ya tare kansa, tsoho kuwa kafin umurni ya isa ga tsoka, tsokar kuma ta amsa, ya riga ya kai ƙasa. In ƙashi ya yi rauni, kamar yadda yakan yi wa mata bayan ɗaukewar al'ada, sai ƙashin ƙugu ya karye. Daga nan sai kwanciya, sai gyambon kwanciya, sai ciwon huhu. Likitoci sun daɗe da sanin cewa cikin tsofaffi biyar da suka sami wannan karaya, kimanin ɗaya ba ya cika shekara.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a gani. Tsohon da ya taɓa faɗuwa, ko bai ji rauni ba, tsoro yakan shige shi. Sai ya rage fita, ya daina zuwa kasuwa da gaisuwa, 'ya'ya da jikoki su ma su ce, "Baba, zauna, a kawo maka." Ƙauna ce ta sa su, amma zaman nan shi ke ƙara cinye tsokar da ta rage, ranar da ya tashi tilas kuwa faɗuwar ta fi kusa da shi fiye da da.

To, mene ne taici? Cikakken sunansa a harshen Sinanci taici-cuwan. Kalmar taici daga falsafar Sinawa ta fito, tana nufin asalin da kishiyoyi biyu suke fitowa daga gare shi, watau yin da yang, kamar duhu da haske, ko taushi da tauri. Cuwan kuwa dunƙulen hannu ne, watau dambe. Ke nan asalin abin fasahar faɗa ce, ba a ƙirƙire shi don tsofaffi ba. Akwai hikayar da ke cewa wani mai zuhudu, Zhang Sanfeng, shi ya ƙago shi a tsaunin Wudang bayan ya kalli faɗan maciji da tsuntsu. Hikaya ce mai daɗin ji, amma masana tarihi sun fi karkata ga wani ƙauye da ake kira Chenjiagou, a lardin Henan, inda wani tsohon soja mai suna Chen Wangting ya tsara wa danginsa wannan fasaha a ƙarni na 17, wajen lokacin da daular Ming ta faɗi a 1644. Dangin Chen suka riƙe abinsu a gida, har sai da wani baƙo, Yang Luchan, wanda ya rayu daga 1799 zuwa 1872, ya koya a wurinsu, ya kai shi birnin Beijin. Jikansa Yang Chengfu, wanda ya rasu a 1936, shi ya rage tsalle-tsalle da bugun ƙasa da ke ciki, ya mai da shi motsi mai faɗi, mai tafiya a hankali bai ɗaya. Wannan salo na gidan Yang shi ya fi yaɗuwa a duniya, ko da yake manyan salo biyar ake lissafawa.

A 1956 hukumar wasanni ta gwamnatin Sin ta sa aka taƙaita salon Yang zuwa motsi 24, wanda mutum zai iya gamawa cikin kimanin minti shida, don a koya wa ma'aikata da 'yan makaranta da sauran talakawa. Shi ne akasari abin da baƙo yake gani da sassafe a lambunan shaƙatawa na biranen Sin, tsofaffi maza da mata sun jeru suna ɗaga hannu tare kamar masu iyo cikin ruwa. Ƙidayar ƙasar ta 2020 ta sami mutum miliyan 264 da suka kai shekara 60, saboda haka ba abin mamaki ba ne gwamnati ta damu da abin da zai tsai da su a kan ƙafarsu. A Disamban wannan shekara ta 2020 hukumar UNESCO ta sanya taici cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam.

Sunayen motsin suna da ban sha'awa: raba gezar dokin daji, farin gauraka ya buɗe fukafukai, korar biri, kaɗa hannu kamar gajimare, zakaran zinariya ya tsaya da ƙafa ɗaya. Mai kallo yakan bi hannuwa da ido, amma ba a nan gizo yake saƙa ba. Aikin yana ƙafa. Malaman taici suna da ƙa'idar da suke kira bambance cikakkiya da wofi, watau a kowane lokaci ƙafa ɗaya ce ke ɗauke da nauyin jiki, ɗayar kuwa babu komai a kanta. Mai yi zai ɗan durƙusar da gwiwa, ya miƙar da gadon baya, ya tattara nauyinsa duka a ƙafar hagu, sa'an nan ya ɗaga ta dama, ya kai ta gaba, ya ajiye dunduniya a hankali ba tare da ya dogara a kanta ba. Sai ya tabbata ta zauna, sa'an nan ya kwarara nauyin zuwa kanta kaɗan-kaɗan, kamar mai juye mai daga kwalba zuwa kwalba. Haka zai yi gaba, ya yi baya, ya yi gefe, yana juya ƙugu, kai da ido suna bin hannu, numfashi yana tafiya tare da motsi.

Yanzu a gwada wannan da tafiyar yau da kullum. Mai tafiya a kan hanya sakin jikinsa yake yi gaba, ƙafa ta tare shi, ya sake saki, ɗayar ta tare shi. Saurin tafiyar shi ke rufa masa asiri, kamar yadda mai keke ba ya faɗuwa in yana gudu, sai ya rage gudu keken ya fara tangaɗi. Taici ya cire wannan sauri. Tilas ƙafa ɗaya ta riƙe mutum na tsawon daƙiƙoƙi, idon sawu yana ta gyara, cinya tana ɗauke da nauyi, kunnen ciki yana aiki saboda kai yana juyawa. Watau jinkirin da ke sa samari su raina abin, shi ne wahalarsa, shi ne kuma amfaninsa. Bugu da ƙari, takun baya da takun gefe su ne tsoho yake bukata ranar da aka bangaje shi ko ya zame, su ne kuma tafiya ta yau da kullum ba ta koya masa.

Wannan duk hujja ce ta hankali. Ilmin likitanci kuwa ba ya wadatuwa da ita, sai an gwada an ƙirga. Hanyar gwajin ita ce a tara mutane, a raba su ƙungiya-ƙungiya ta hanyar ƙuri'a, don kada mai bincike ya zaɓi ƙarfafa ya sa a ɓangaren da yake so, a ba kowace ƙungiya aikinta, sa'an nan a bi su wata da watanni ana rubuta duk wanda ya faɗi.

Gwajin da ya fara jawo hankalin likitocin Yamma shi ne na Steven Wolf da abokan aikinsa a Jami'ar Emory da ke Atlanta, a Amurka, wanda aka buga a 1996. Sun ɗauki mutum 200, kowa ya kai shekara 70. Wasu aka koya musu motsi goma na taici har mako 15, wasu aka horar da su a kan wani dandamali mai haɗe da kwamfuta da ke nuna wa mutum inda nauyinsa ya karkata, wasu kuma aka yi ta yi musu bayani kan lafiya kawai. Aka sami cewa haɗarin faɗuwa a kai a kai ya ragu da kashi 47.5 cikin ɗari ga 'yan taici. Wani abin lura shi ne, da aka auna tsayuwa cik a kan na'ura, 'yan dandamalin kwamfuta ne suka fi nuna ci gaba, 'yan taici ba su canza sosai ba. Amma su ne tsoron faɗuwa ya ragu a zukatansu, su ne kuma suka fi tsira. Wannan ya nuna cewa iya tsayuwa kamar turke daban, iya tare kai a cikin motsi daban, kuma na biyun ne yake hana karaya.

Bayan Wolf, wanda ya fi kowa naci a kan wannan fage shi ne Fuzhong Li na Cibiyar Bincike ta Oregon. A 2005 ya ba da rahoton mutum 256, masu shekara 70 zuwa 92, waɗanda ba su saba motsa jiki ba. Rabi suka yi taici sau uku a mako har wata shida, rabi suka yi miƙe-miƙen gaɓoɓi. An ƙirga faɗuwa 38 a ɓangaren taici, 73 a ɗaya ɓangaren. A 2012 ya gwada masu cutar Fakinsin, watau ciwon nan na karkarwa da sandarewar jiki, su 195, aka ga 'yan taici sun fi iya karkata jiki ba tare da sun tafi ba, sun kuma fi masu miƙe-miƙe ƙarancin faɗuwa. Gwajinsa mafi girma shi ne na 2018, mai mutum 670 waɗanda ko dai sun taɓa faɗuwa ko tafiyarsu ta raunana. Sa'a ɗaya sau biyu a mako, har mako 24. 'Yan miƙe-miƙe sun faɗi sau 363, waɗanda aka haɗa wa motsa jiki iri-iri sau 218, 'yan taici sau 152. Watau ragin kashi 58 cikin ɗari in an gwada da na farko, kashi 31 in an gwada da na biyu.

Da a nan labarin ya ƙare, da sai a ce an sami magani. Amma fa shi Wolf ɗin ya sake gwaji, aka buga a 2003, wannan karon da tsofaffi 311 waɗanda rauni ya fara kama su sosai, har mako 48, bambancin da aka samu bai kai wanda masana ƙididdiga za su amince da shi ba. A 2009 masu bincike a ƙasar Holan suka gwada mutum 269 mazauna gidajensu, su ma ba su ga ragi ba. A 2019 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen duniya ta tace su, ta duba gwaji 108 da suka ƙunshi mutum fiye da 23,000. Ta ce motsa jiki gaba ɗaya yana rage yawan faɗuwa da kashi 23 cikin ɗari, kuma a kan wannan hujjarta mai ƙarfi ce. Taici shi kaɗai kuwa ta ba shi kashi 19, ta kuma ce hujjar ba ta kai ta farko ƙarfi ba.

Yaya za a daidaita kashi 58 da kashi 19, da kuma waɗanda ba su ga komai ba? Da farko dai abin da ake kira taici a gwaje-gwajen nan ba iri ɗaya ba ne. Na Li motsi takwas ne da ya zaɓo daga salon Yang, ya sake musu tsari da gangan, ana sa tsoho ya karkata har bakin inda zai iya, ya dawo, ya taka da sauri kamar wanda aka tura. Wannan ya fi kusa da aikin asibiti a kan abin da ake yi a lambun Beijin. Na biyu, yawan yi yana da tasiri. Catherine Sherrington ta Jami'ar Sidni, a Ostareliya, ta nuna a 2017 cewa shirye-shiryen da suka fi rage faɗuwa, har da kashi 39 cikin ɗari, su ne waɗanda ke gwada tsayuwar mutum da gaske, ake kuma yinsu fiye da sa'a uku a mako. Na uku, wanda rauni ya riga ya ci ƙarfinsa ba zai iya durƙusar da gwiwa ya tsaya da ƙafa ɗaya yadda abin zai yi masa aiki ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ko da yake a nan ɗanyen ɗan shekara 65 ne ko 70. Sa'an nan akwai wata tawaya da duk gwaje-gwajen suka yi tarayya a kanta: ba yadda za a ɓoye wa mutum cewa taici yake yi, kamar yadda ake ɓoye ƙwayar magani ta gaske da ta bogi, kuma yawanci shi da kansa ne yake rubuta faɗuwarsa a takarda.

Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne taici yana aiki, amma ba shi kaɗai ke aiki ba, kuma babu wani sirri a cikinsa da ya gagari bayani. Tsarin Otago na ƙasar Niyu Zilan, wanda ba shi da gauraka ko gajimare, sai ɗaga ƙafa da nauyi a idon sawu da tashi daga kujera, shi ma an gwada ya rage faɗuwa da kimanin kashi ɗaya bisa uku. Inda taici ya yi fice shi ne ba ya bukatar na'ura ko kuɗi ko fili mai yawa, ana yinsa cikin jama'a, kuma akwai abin koyo a cikinsa kullum, don haka mutane ba su cika gajiya su bari ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin amfanin kowane motsa jiki yana fara zagwanyewa da zarar an daina.

Wajibi ne a faɗi wani abu game da ci, ko qi kamar yadda ake rubuta shi yanzu, watau wani ƙarfi da likitancin gargajiya na Sin yake cewa yana zagaya jiki ta wasu hanyoyi. Da yawa sun ɗauka shi ne gaɓar ƙarshe ta sunan taici. Kuskure ne na rubutun boko, a Sinanci kalmomi biyu ne daban. Malaman gargajiya suna bayyana amfanin fasaharsu da wannan ƙarfi, amma ba a taɓa auna shi da wata na'ura ba, kuma babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka ambata da ya dogara da shi. Tsofaffin Oregon ba a nemi su gaskata wata falsafa ba, an dai ce su ɗaga ƙafa su ajiye. Haka nan masu tallar da ke cewa taici yana warkar da kowace cuta, sun wuce gona da iri. Abin da ke da madogara, ban da faɗuwa, shi ne ciwon gwiwa na tsufa: a 2016 Chenchen Wang ta Tufts, a Boston, ta gwada mutum 204 har mako 12, taici ya rage musu ciwo daidai da gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi na asibiti.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce duk wanda ya kai shekara 65 ya yi motsa jikin da ke ƙarfafa tsayuwa da tsoka aƙalla kwana uku a mako. Mai son cika wannan da taici ya nemi wanda ya iya ya nuna masa, domin gwiwar da aka durƙusar ta wuce yatsun ƙafa, ko aka murɗa ta alhali nauyi yana kanta, ciwo za ta yi, kuma ciwon gwiwa da na baya su ne ƙorafin da aka fi ji daga masu koyo. A fara kusa da bango ko bayan kujera mai ƙarfi, a ƙasa mai daidai wadda ba santsi, da takalmi marar tudu mai riƙe dunduniya. Kada a sa ran ganin canji kafin wata uku. Wanda kuwa yake jin jiri in ya miƙe tsaye, ko yake shan maganin barci, ko magungunan hawan jini fiye da ɗaya, ko idonsa ya yi yana, to ya fara da likita tukuna, domin waɗannan suna kayar da mutum komai ƙarfin ƙafarsa.